Wasan Da Kawu Ya Aro A Gaya

Tun da na dawo daga Gaya ban huta da tambaya ba. A makaranta malamai, a coci matan zumunta, har mai sayar mini da manja a kasuwar Zuru: "Malama Rahila, ya ƙasar Faransi? Da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu? Ina tsarabarmu?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in wuce. To, na gaji da lafiya lau ɗin nan, don ba lafiya lau aka dawo ba. Ku zauna in faɗa muku sau ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Sai na fara da mutanen da na raka, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Na farko Kawu Bawa, wan mahaifiyata, da kowa ke kira Saje. Ya yi yaƙin basasa, ya dawo ƙauyenmu can wajen Bena ya kama noman dawa. Na biyu Arɗo Manu, wanda rugarsa ke bayan gonar Kawu tun kafin a haife ni. Ni Baffa nake ce masa, don da nonon gidansa aka yaye ni. Kowace shekara in an yanke dawa, Baffa ya kan kora shanunsa gonar Kawu su ci kara su bar taki. Kawu Kirista, Baffa Musulmi, amma ranar Kirsimeti da ranar Salla ba ka sanin gidan wa ake bikin.

Bara waccan ne abin ya lalace. Yaran Baffa suka yi sake, shanu suka faɗa gonar Kawu daidai lokacin da dawa ta fid da kai, suka yi mata kaca-kaca. Ɗan Kawu kuma, da zafin kai, ya sari wata karsana da adda. Aka je gaban mai gari, aka yi sulhun baki, kowa ya ce ya yafe. Amma daga ranar gaisuwa ta mutu tsakanin tsofaffin nan biyu. Baffa ya ɗage rugarsa zuwa ƙetaren rafi, sannan magana ta fara yawo cewa da kakar bana zai tashi gaba ɗaya, ya bi 'yan'uwansa zuwa Borgu.

Ana cikin haka wata ƙungiya mai zaman kanta ta zo Zuru tana neman dattawan manoma da makiyaya da za su je taron zaman lafiya a Gaya, cikin Nijar, tare da mutanen can da na Benin. Mai garinmu ya ba da sunan su biyun da gangan. Ni kuma aka sa ni don in yi wa tsofaffinmu tafinta in Hausa ta yi musu nauyi. Da zan tafi mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Rahila, ki dawo mini da su suna gaisawa. In Manu ya tashi, wana ba zai ƙara zama mutum ba." Wannan shi ne kayan da na ɗauka.

Da asuba bas ta tashi daga Zuru. Aka sa ni a tsakiyarsu, Kawu ta taga, Baffa ta ɗaya gefen da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ba mu kai Dabai ba aka fara aikena.

"Rahila, gaya masa ya janye sandarsa, tana taɓa mini ƙafa."

"Ɗiyata, gaya masa sandar ba ta san ƙafar kowa ba, ramin hanya ne."

Haka na wuni ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da gwiwoyinsu ke gugar nawa. Hanyar Mahuta zuwa Koko kuwa kun santa, ba sai na ɓata bakina ba. Taya ta fashe mana a tsakiyar daji, direba ya buɗe baya ya ga safayar ma ba iska. Muka zauna gindin wata ɗorawa har rana ta take kafin wani mai babur ya kai ta a yi faci. Ni dai na yi ta faɗa, na ce wa jagoranmu ƙungiyar da za ta gyara tsakanin ƙasashe uku ta fara gyara taya tukuna.

A Jega aka tsaya sallar azahar. Nan na ga abin da ya kwantar mini da rai. Baffa ya sauko da butarsa, ya tsaya yana neman inda zai jingine sanda. Kawu, ba tare da ya dube shi ba, ya miƙa hannu. Baffa ma bai dube shi ba, ya sa masa sandar a hannu ya shiga masallaci. Shekara da shekaru haka suke yi in sun je kasuwa tare, hannun ne ya tuna ba su ba. Da aka idar ya karɓi abarsa, ba na gode, ba komai.

La'asar sakaliya muka isa Kamba, bakin iyaka. A ɓangarenmu igiya bayan igiya, kowane mai kaki da tasa tambayar, wani ma so yake ya san abin da ke cikin kwanon abincina. Da muka ƙetara sai muka tarar da jandarmomin Nijar zaune ƙarƙashin rumfa, ba hayaniya, amma fa sai sun karanta takardar kowa daga sama har ƙasa. Wani siriri a cikinsu ya ɗaga ta Kawu ya yi kira da ƙarfi, "Mushe Bawa!"

Kawu ya miƙe kamar an tsikare shi. "Wane ne mushe? Ni? Ni da na shiga wuta na fito da raina, yau a bakin iyaka za a ce mini mushe?"

Jandarma ya yi sororo. Sai da direba ya rantse masa cewa a can haka ake girmama namiji, kamar a ce malam, sannan ya sauko, yana ta huci. Na waiga, sai na ga Baffa ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Da aka gama za mu koma mota, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya bi ta kaina ba, "Mushe Bawa, shiga mana." Maganarsa ta farko ke nan gare shi tun ranar karsana. Kawu kuwa har muka shiga Gaya yana murmushi da gilashin taga.

Gaya gari ne na zafi da manyan motoci, sun yi layi suna jiran gadar Benin. An sauke mu a wani masauki mai ɗakuna a jere, aka haɗa Kawu da Baffa ɗaki ɗaya da mabuɗi ɗaya, wai dabara ce. Baffa ya duba ɗakin, ya duba fankar da ke juyawa kamar ba ta so, ya ja tabarmarsa ya shimfiɗa gindin dogon yaro a tsakar gida, ya ce shi ba ya kwana inda ba ya ganin sama. Mabuɗin dai dole ya riƙa yawo tsakaninsu, kuma na lura sun daina biyowa ta hannuna.

Abinci kuwa, da safe aka kawo burodin nan da kuke tambaya. Gaskiya ne, dogo ne, ga tauri. Kawu ya juya shi ya ce da an raba musu irinsa a bakin daga da ba a ɓata harsashi ba. Da rana shinkafa da wata miya mai ruwa-ruwa, sai kwaɗon zogale da suke ci kamar ba gobe, wanda ni ya yi mini daɗi ƙwarai. Kawu dai tuwon dawarsa yake kuka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne in rana ta take sai gari ya mutu, ofis a rufe, shago a rufe, kowa ya kwanta sai la'asar. Na ce a Zuru ka rufe shago da tsakar rana, kafin ka farka maƙwabcinka ya kwashe masu sayenka. Ga shayi a 'yan ƙananan kofuna, zagaye uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya.

Taron kansa a wani babban zaure aka yi shi. Kowace magana sai an faɗe ta da Faransanci, a juya Zabarmanci, a juya Hausa, ni kuma in raɗa wa tsofaffinmu da C'lela, yarenmu na gida. Kafin zance ɗaya ya gama zagayawa mai shi ya manta abin da ya ce. Wadda ke jan taron wata Bazabarma ce, Madam Hadiza, mace mai kirki da kaifin baki, ba zan ci amanarta ba.

Ranar farko, ana hutun shayi, wani ƙaton Ba'are daga Dogon Dutse mai suna Tankari ya hango Baffa. Bai taɓa ganinsa ba a duniya. Ya taho kai tsaye ya fizge masa sanda ya ce, "Kai bawana! Ɓarawon hatsi! Gonar wa ka cinye kahin ka taho nan?"

Na ce shi ke nan, za a yi jini a taron zaman lafiya. Sai na ga fuskar Baffa ta washe kamar an ba shi sa. Ya ce, "A'a, Ba'are ne? Kai da kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar nono, har aka yi masa gyara da ƙanensa?" Zaure ya kwashe da dariya. Suka yi ta yi, wannan ya faɗa wancan ya rama, sai da Baffa ya fanshi sandarsa da goro. Ashe Arawa da Fulani taubasai ne tun kaka da kakanni, kamar yadda muke da Zamfarawa, ka zagi mutum son ranka ba shi da ikon fushi.

Madam Hadiza ta kama wannan ta yi huɗuba a kai. Ta ce kun gani, maganin da muke nema yana cikin gidanmu. Abin da ba ya faɗuwa da gaske, a faɗe shi da wasa ya wuce. Ta ce kowane wasa wani ne ya fara shi wata rana, saboda haka inda akwai a raya shi, inda babu a dasa. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, don a kunne zancen ya yi daɗi.

Kawu bai tafa ba. Idonsa na kan Baffa, wanda ke can yana raba goro da baƙon da ya sani yau yau. Na ga kishi ƙuru-ƙuru a fuskar tsohon nan. Ya karkato ya ce mini da C'lela, "Ya ce masa ɓarawo, ya yi dariya?"

Na ce, "Kawu, nasu gado ne. Kai ma ai ka san yadda kuke yi da Zamfarawa a kasuwa."

Ya ce, "Matar ta ce inda babu a dasa." Na ɗauka zance ne kawai. Na manta soja ne, in na gaba ya faɗi abu, oda ce.

Washegari da la'asar Baffa ya kira ni in raka shi kasuwa. Muka ratsa masu kifi da masu atamfa har rumfar masu malafa. Ya zaɓi wata mai faɗi da adon jar fata, ya ɗora mini a ka yana gwadawa, ya ce wa mai rumfa, "Kawo wadda ta fi wannan, mai ita ƙaton kai gare shi." Na ce wa za a ba? Ya ce, "Kin ga ƙeyarsa yadda rana ta cinye? Mutum ya tsufa yana noma da hular soja." Sannan ya rage murya. "Ɗiyata, ki ajiye mini ita sai gobe wurin rufe taro. A gaban mutane muka ɓata, a gaban mutane zan ba shi. In an yanke dawa zan kawo shanun gonarsa, Borgu ta jira. Amma ki rufe bakinki, kada ya ji."

Wallahi a kasuwar nan na so in yi guɗa. Na sa malafar cikin babbar jakata na rufe da zane, na kwana ina tunanin fuskar mahaifiyata.

Ranar rufewa Kawu ya fito da tsohuwar rigarsa ta soja, ya goge takalmi. Na lura bakinsa na motsi shi kaɗai tun safe, na zaci addu'a yake. Madam Hadiza ta ce kowace tawaga ta fito da mutum biyu su faɗi abin da za su koma da shi gida. Da aka zo kanmu, Baffa ya fara tattara rigarsa zai tashi, ni kuma na sa hannu cikin jaka. Kawu ya riga shi. Ya isa gaba ya ƙame, ya karɓi abin magana. Ya dubi Baffa da wani irin murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce:

"Kai Manu, bawana! Ɓarawon dawa! Gonar wa ka cinye kafin ka zo nan?"

Zaure ya fashe. Mutanen Nijar da na Benin ba su san komai ba, sun ɗauka taubasai ne, suka yi ta tafi suna buga benci. Mai hoto ya ɗauka. Kawu ya tsaya yana jira a rama masa, bakinsa a buɗe, kamar yaron da ya kawo amsa daidai.

Baffa bai yi dariya ba. Ya koma ya zauna a hankali. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ja rawani ya rufe rabin fuskarsa. Tankari ne ya fara lura, ya bar tafi, ya matso ya ce mini, "Malama, ashe ba tobassai ba ne?" Madam Hadiza kuwa ta kai wa Baffa abin magana tana cewa, "Rama, Arɗo, rama!" Ya karɓa ya ce, "Na ji. Allah ya ba mu alheri." Ya mayar mata.

Ni ina zaune da hannuna a kan malafa cikin jaka. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka sari karsanar. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, kuma a gaban ƙasa uku.

Dawowa ba ta da labari. Baffa ya roƙi direba ya koma gaba. A iyaka jandarman nan ya sake kiran Mushe Bawa, ba wanda ya ko ɗaga kai. A Jega da aka tsaya salla Kawu ya miƙa hannu, Baffa ya wuce ya jingine sandarsa a bangon masallaci. Hannun Kawu ya daɗe a miƙe kafin ya sauke shi.

A Koko na samu Baffa shi kaɗai yana shan ruwa, na durƙusa. Na ce, "Baffa, don Allah. Ba zagi ya nufa ba. Ya ga ka yi wa Tankari dariya ne, shi ma yana so. Cewa yake ya yafe, bai san yadda zai faɗa ba."

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Na san Bawa tun ba ki zo duniya ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma Ba'are bai taɓa shuka dawar da shanuna suka ci ba. Shi ya shuka. Kuma mutane sun yi dariya."

Na ce to malafar fa? Ya ce in yi yadda na ga dama da ita.

Da na koma mota Kawu ya kama gefen zanena. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Rahila, me na rage? Yadda mutumin ya faɗa haka na faɗa. Tun jiya nake maimaitawa don kada in yi kuskure." Na juya fuskata ga taga na yi ta kuka har Mahuta. Na yi fushi da Madam Hadiza da dashenta, na yi fushi da Tankari, na yi fushi da Baffa da ya ɗaure mini baki, amma da na duba sosai ban ga mugu ko ɗaya a cikinsu ba. Zanen aro ne kawai, bai rufe katara ba.

Da muka isa gida na gaya wa Kawu komai, na ba shi malafar. Washegari ya ɗauki goro ya ƙetare rafi. Baffa ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka kawo masa nono a ƙwarya mai faifai, ya gaishe shi tiryan-tiryan, ya gida, ya iyali, ya gajiyar hanya, yana ce masa Saje. Kawu ya dawo ya ce wa mahaifiyata da ma korarsa ya yi, da ya fi sauƙi. Kafin a gama yankan dawa, wata safiya aka wayi gari rugar ba kowa, sai turaku da toka.

Ƙungiyar ta aiko mana da hoton nan na ranar rufewa, kowa baki har kunne, an ce taro ya yi albarka. Wataƙila ya yi wa wasu, ban musa ba. Na ji an ce mutanen wani gari sun sasanta kan mashayar shanu a dalilinsa.

Makon jiya na je ƙauye. Kowa ya kwashe karansa, wasu sun ƙone, gonar Kawu kaɗai ke tsaye da karanta har yanzu. An ce wasu Fulani baƙi sun zo sun roƙa su sa shanunsu, ya ce musu akwai mai shi. Na same shi a bakin gonar da tsakar rana, da tsohuwar hular sojan nan, ƙeyarsa na ƙyalli da zufa. Malafar kuwa tana rataye a jikin rumbu, ƙura ta fara hawanta.

Na ce, "Haba Kawu, ga rana kamar wuta, ga malafa a rataye. Ka sa mana."

Ya dubi rumbun, ya dubi ƙetaren rafi. Ya ce, "Ai ba a ba ni ba tukuna."